Zari-Ruga A New South Wales: Hukumar Da Ta Haifi Gasa, Gasar Ta Fi Ƙarfinta

A watan Disamban 2024 Firaministan Ostireliya, Anthony Albanese, da takwaransa na Papua New Guinea, James Marape, suka tsaya gaban 'yan jarida a birnin Sydney suka sanar da cewa daga shekarar 2028 za a shigar da wata ƙungiya daga Papua New Guinea cikin babbar gasar zari-ruga ta Ostireliya, wato NRL, kuma gwamnatin Ostireliya ce za ta ɗauki nauyin shirin da dala miliyan 600 na kuɗin ƙasarta cikin shekara goma. Wata biyar bayan haka, a Mayun 2025, aka sake fitar da wata sanarwar, cewa birnin Perth da ke can ƙuryar yammacin ƙasar shi ma zai samu tasa ƙungiyar daga 2027, kuma za ta amsa sunan Bears, sunan wata tsohuwar ƙungiyar arewacin Sydney da aka fitar daga babbar gasar tun ƙarshen 1999.

Abin da ya ja hankalina a cikin waɗannan sanarwoyi biyu shi ne wanda ba a ji muryarsa ba. Hukumar da ta kafa wannan gasa a 1908, ta rene ta har shekara 87, wato hukumar zari-ruga ta jihar New South Wales, NSWRL a taƙaice, tana nan da ranta da ofisoshinta da ma'aikatanta, amma ba ita ta yanke ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba. Yadda aka yi uwa ta koma 'yar kallo a bikin ɗanta, shi ne abin da nake son mu duba a yau.

Kafin nan, bari in ɗan share fage saboda mai karatun da ƙwallon ƙafa kawai ya sani. Wasan da gidajen rediyon Hausa suka raɗa wa suna zari-ruga, sunan da a matsayina na ɗalibin harshe nake ganin yana cikin mafi dacewar ƙirƙirar da aka yi mana, domin ya kama aikin wasan duka cikin kalma biyu, iri biyu ne. Akwai na 'yan goma sha biyar, wanda Afirka ta Kudu ta yi suna a kansa, akwai kuma na 'yan goma sha uku, wanda shi ne sarkin wasannin hunturu a gabashin Ostireliya da Papua New Guinea da wasu garuruwan arewacin Ingila. A wannan na biyun, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da 'yan wasanta sau shida, idan ba ta kai ƙwallon bayan layin abokan karawa ba sai ta miƙa musu. Wasan ma ba baƙo ba ne sarai a wajenmu, domin Najeriya ta ci kofin yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake ci a Gana a 2022, ko da yake ina tantama idan mutum ɗaya cikin dubu a Kano ko Kaduna ya ji labarin.

Rabuwar wasan gida biyu ta samo asali ne daga rigimar talaka da mai hali. A ranar 29 ga Agustan 1895, wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila suka haɗu a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukumar da ke Landan, ƙungiya 22 suka kafa tasu. 'Yan wasan arewa leburorin ma'adinan kwal ne da masaƙu, waɗanda idan suka bar aiki ran Asabar don buga wasa sai a yanke musu lada, sai ƙungiyoyinsu suka nemi a bari su riƙa biyansu diyyar sule shida a rana. Attajiran kudu, waɗanda ba su san zafin yankan albashi ba, suka ce karɓar kuɗi yana ɓata mutuncin wasa. Wanda bai san ciwon ba shi ke cewa a yi haƙuri. A 1906 'yan arewa suka rage yawan 'yan wasa zuwa goma sha uku don wasan ya ƙara sauri, ya ƙara jan 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa.

Irin wannan ƙorafi ne ya tsallaka teku ya isa Sydney. A 1907 wani ɗan wasa mai suna Alec Burdon ya ji rauni a fagen wasa ya kasa zuwa aiki, hukumar lokacin kuwa, wadda ke tara kuɗin ƙofa masu yawa, ba ta ba shi ko sisi ba. A ranar 8 ga Agustan wannan shekara aka taru a otal ɗin Bateman aka kafa sabuwar hukuma, a ƙarƙashin jagorancin wani ɗan kasuwa, James Giltinan, da shahararren ɗan wasan kurket Victor Trumper, da ɗan siyasar jam'iyyar ma'aikata Henry Hoyle. Babbar sa'ar da suka yi ita ce shawo kan Dally Messenger, gwanin gwanayen zamanin, ya bar tsohon wasa ya dawo nasu, jama'a kuma suka biyo shi. A Afrilun 1908 aka fara gasa da ta ƙunshi ƙungiya tara, South Sydney ta ci kambun farko bayan ta doke Eastern Suburbs da 14 da 12.

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya, domin abin da ya biyo baya duka yana rataye ne a kan wata shawara guda da waɗannan mutane suka yanke. Sun gina gasarsu a kan unguwa. Dubi sunayen ƙungiyoyin farko: Glebe, Newtown, Balmain, South Sydney, North Sydney, Eastern Suburbs, Western Suburbs, duk sunayen unguwanni ne da shiyyoyin birni guda, sai Cumberland da ba ta wuce shekara ɗaya ba, da Newcastle, garin masu haƙar kwal, wadda ta janye bayan kakar 1909. Hukumar ta raba birnin gunduma-gunduma, ta kafa doka cewa ɗan wasa ba ya buga wa kowa sai gundumar da yake kwana a cikinta, kuma wannan doka ta yi aiki har ƙarshen shekarun 1950. Ma'anar wannan ita ce, wanda ka gani a fili ran Asabar yana sanye da rigar unguwarku, shi ne za ka haɗu da shi ran Litinin a tashar jiragen ruwa yana dakon kaya, ko a shagon mahauci. Ƙungiya ta zama tamkar dangi, mutum ya gaje ta daga ubansa ya gadar wa ɗansa. Wannan ita ce ainihin jarin wasan, kuma duk attajirin da ya zo daga baya da ita ya yi ciniki.

Ba wai hukumar ta kasance mai tausayi ba ce ko a wancan zamani. Ita da kanta ta kori Annandale a 1920, ta kori Glebe a 1929, lokacin da mazauna tsakiyar birni suka fara ƙaura zuwa bayan gari. Yadda birnin ke faɗaɗa haka take binsa da sababbin ƙungiyoyi: St George a 1921, Canterbury a 1935, Manly da Parramatta a 1947, Cronulla da Penrith a 1967. Amma dai wuƙa da nama suna hannun wakilan ƙungiyoyin ne, waɗanda ke zama a teburi guda su yi gardama su kaɗa ƙuri'a.

Canji na farko mai girma ya zo ne ta wata ƙofa da ba ta da alaƙa da wasa. A 1956 gwamnatin New South Wales ta halatta wa kulob-kulob masu rajista su ajiye na'urorin caca. Kowace ƙungiyar zari-ruga ta buɗe gidan shaƙatawa nata, ta cika shi da waɗannan na'urori, kuɗi suka riƙa kwarara daga aljihun leburori zuwa asusun ƙungiya. Gidan da St George ta buɗe a 1963 ya ƙayatu har mutanen gari suka yi masa laƙabi da Taj Mahal. Wannan ƙungiya ta St George ita ce ta ci kambu sau 11 a jere, daga 1956 zuwa 1966, abin da ya gundiri kowa har hukumar ta sauya dokar wasan a 1967 ta ƙayyade yawan kayarwa zuwa huɗu, sannan zuwa shida a 1971, don kada ƙungiya mai ƙarfi ta riƙe ƙwallo ta hana kowa taɓawa. A wasan ƙarshe na 1965 mutum 78,056 ne aka ƙirga a filin kurket na Sydney, ban da waɗanda suka hau rufin rumfuna.

Ba zan ɓoye ra'ayina a kan wannan ba. Wasan da aka kafa don kada a cuci leburan da ya karye a fili, ya wayi gari yana rayuwa da albashin da leburan ya zuba a ramin caca, matarsa da 'ya'yansa suna jira a gida. Har gobe jihar New South Wales tana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan waɗannan na'urori a duniya, kuma wasu manyan ƙungiyoyin har yanzu suna jingine da gidajen cacarsu. Masu rubuta tarihin wasan sukan ratsa wannan babi da sauri, su koma ga yabon gwanaye.

Kuɗin cacar nan ya haifar da wata matsalar a maƙwabta. Jihar Queensland, wadda ke arewa da New South Wales kuma take da tata hukumar da tata gasar a birnin Brisbane, ba ta halatta na'urorin ba sai a farkon shekarun 1990. Saboda haka duk wani matashin da ya nuna bajinta a Brisbane ko a ƙauyukan masu noman rake, sai ƙungiyoyin Sydney su saye shi. Jihohin biyu kuwa suna karawa tun 1908, kuma doka ita ce mutum ya buga wa jihar da yake zaune. Sai ya zamana 'ya'yan Queensland ne ke sanya shuɗiyar rigar New South Wales su zo su lallasa jihar da ta haife su. Daga 1959 Queensland ba ta sake cin jerin karawar ba, 'yan kallo suka daina zuwa, wasan ya kusa mutuwa.

Shugaban hukumar Queensland, Sanata Ron McAuliffe, shi ya dage a gwada wata hanya, a bar kowa ya buga wa jihar da ya fito. Jaridun Sydney suka yi ta ba'a, suna cewa abokan wasa a ƙungiya guda ba za su taɓa dukan juna da gaske ba. A daren 8 ga Yulin 1980, a filin Lang Park na Brisbane, gaban mutum sama da 33,000, Arthur Beetson ya jagoranci Queensland suka fito. Beetson ɗan asalin ƙasar ne, daga mutanen da Turawa suka tarar, kuma shi ne na farko a cikinsu da ya taɓa zama kyaftin ɗin Ostireliya a wani babban wasa. A lokacin yana da shekara 35, ƙarfinsa ya fara ja baya, amma a cikin wasan ya kai wa Mick Cronin hannu, mutumin da suke buga wa Parramatta tare, daga nan kowa ya gane ba wasan yara ake yi ba. Queensland ta ci da 20 da 10. Daga 1982 aka mayar da abin karawa uku duk shekara, New South Wales ba ta ci jerin ba sai 1985, Queensland kuma ta taɓa cin takwas a jere daga 2006 zuwa 2013. A yau wannan karawa tana cikin shirye-shiryen da suka fi tara masu kallon talabijin a ƙasar duk shekara.

Sunan da suka ba wannan karawa, State of Origin, shi ne daidai kalmomin da ke kan kowace takardar neman aiki ko neman gurbin karatu a Najeriya, wato jihar asali. Na daɗe ina mamakin yadda furuci guda ya zama abin biki a wata ƙasa, ya zama shingen da ke raba ɗan ƙasa da haƙƙinsa a wata. Amma su ma ba su tsira daga tambayar da ke damunmu ba: mene ne asali? Inda aka yanke cibiya, ko inda aka girma, ko inda aka fara cin abinci? Da farko sun ce asalin ɗan wasa shi ne inda ya fara buga wasan manya bayan ya kai shekara 16. Sai ga Greg Inglis, wanda aka haifa kuma ya tashi a arewacin New South Wales, ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin Queensland saboda ya je makaranta a Brisbane yana saurayi. Surutu ya yi yawa har a 2012 aka gyara doka, aka ce sai wanda ya zauna a jiha kafin ya cika shekara 13. Wato dai asali abu ne da kwamiti ke zama ya yanke, ya kuma sake yankewa idan ta ƙi ci. Bambancin kawai, can abin da ke kan faranti riga ce, shuɗiya ko ja mai duhu.

Mu koma kan hukumarmu. A shekarun 1980, NSWRL ta fahimci cewa ta tara gwanayen ƙasar duka a gasar birni guda, sai ta fara fita waje. Canberra da Illawarra suka shiga a 1982, Newtown, ɗaya daga cikin na farko, ta faɗi saboda bashi bayan kakar 1983. A 1988 aka shigar da Newcastle da Gold Coast da Brisbane Broncos, wadda ta bambanta da saura domin kamfani ce ta 'yan kasuwa mai birni guda ita kaɗai. Kamfanin taba ya sa sunan Winfield a kan kofin daga 1982 zuwa 1995, aka ɗauko mawaƙiyar Amurka Tina Turner ta yi tallan wasan don jawo mata da iyalai, aka riƙa kawo gwanaye daga Ingila, cikinsu har da Martin Offiah, haifaffen Landan ɗan iyaye 'yan Najeriya, wanda ya buga wa Eastern Suburbs da St George. A 1989 Canberra ta fitar da kofin daga Sydney a karon farko, Brisbane ta ci a 1992 da 1993. Gasar jiha ta zama ta ƙasa a aikace, sunan ne kawai ya rage, shi ma a 1995 aka miƙa ragamar ga hukumar ƙasa, ARL, aka kai ƙungiyoyi 20, har da ta Perth da ta Auckland a New Zealand.

Tun da mutanen da ke shugabantar hukumomin biyu kusan ɗaya ne, ba a ɗauki wannan miƙa ragama a matsayin asara ba. To amma a daidai lokacin ne talabijin na biyan kuɗi ya shigo Ostireliya, kuma kowa ya san ba abin da ke sa magidanci ya biya kuɗin tasha duk wata kamar wasan ƙungiyarsa. Kerry Packer, mai tashar Nine, yana riƙe da haƙƙin nuna gasar. Rupert Murdoch, mai kamfanin News Limited, yana so, aka hana shi, sai ya yanke shawarar kafa tasa gasar mai suna Super League. A farkon Afrilun 1995 wakilansa suka bi 'yan wasa otal-otal cikin dare da takardun kwantiragi, albashi ya ninka sau biyu sau uku cikin mako guda, ɗaya ɓangaren shi ma ya buɗe jaka. Abin dariya a nan, a Agustan wannan shekara ce, shekara ɗari cif bayan taron Huddersfield, hukumar 'yan goma sha biyar ta duniya ta amince a riƙa biyan 'yan wasa, ita ma bayan kuɗin Murdoch sun shiga tsakani.

Rigima ta kai kotu. A Fabrairun 1996 alƙalin kotun tarayya ya ba ARL gaskiya, a Oktoba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. A 1997 aka yi gasa biyu a ƙasa guda, ƙungiya 12 a nan, 10 a can, Newcastle ta ci ɗaya, Brisbane ta ci ɗaya, 'yan kallo suka ragu, abokai suka daina gaisawa. Da kowa ya ji jiki sai aka yi sulhu aka kafa NRL a 1998, rabi na ARL rabi na kamfanin Murdoch, da sharaɗin rage ƙungiyoyi zuwa 14 kafin shekarar 2000.

Idan giwaye suka yi faɗa an san wanda ke shan wahala. St George ta haɗe da Illawarra, Balmain ta haɗe da Western Suburbs, North Sydney aka aurar da ita ga maƙiyiyarta ta gado, Manly, auren da ya mutu cikin shekara uku, Manly ta tafi da gurbin. Ƙungiyar Perth da ake murnar dawowarta yau, a ƙarshen 1997 aka rufe ta. South Sydney kuwa, wadda ta ci kambun farko kuma ta fi kowa yawan kambu, ƙungiyar talakawan Redfern da 'yan asalin ƙasar, ta ƙi haɗewa da kowa, sai aka kore ta a ƙarshen 1999 bisa wasu ma'aunai na kuɗi da yawan 'yan kallo. Shugabanta George Piggins, tsohon ɗan wasanta, ya tafi kotu, jama'a kuma suka fito titi. A Nuwamban 2000 an ƙiyasta mutum kusan 80,000 ne suka yi maci a tsakiyar Sydney, da yawansu sanye da rigunan wasu ƙungiyoyin. A Yulin 2001 kotu ta ba su gaskiya, suka dawo a 2002, kuma ko da kotun ƙoli ta juya hukuncin a 2003 ba wanda ya yi gigin sake taɓa su. Sun ci kambu a 2014, karon farko tun 1971. Sai dai kafin nan, a 2006, membobin ƙungiyar sun kaɗa ƙuri'ar sayar da kashi 75 cikin ɗari nata ga ɗan fim Russell Crowe da attajiri Peter Holmes à Court. Ƙungiyar da aka yi maci don kada attajiri ya kashe ta, attajirai ne suka raya ta.

A 2012 kamfanin Murdoch ya janye daga mallakar gasar, aka kafa hukuma mai zaman kanta, ARLC, wadda Peter V'landys ke shugabanta tun 2019. Ita ke sayar da haƙƙin talabijin, ita ke raba kuɗi, ita ta shigar da Dolphins a 2023, ita ta kai wasannin buɗe kaka birnin Las Vegas na Amurka daga 2024.

Me ya rage wa NSWRL? Idan aka duba da idon basira, aiki mai nauyi ne ya rage mata, mai ƙarancin riba. Ita ke tafiyar da gasar rukuni na biyu, Kofin NSW, da gasar matasa hawa-hawa: Jersey Flegg ta 'yan ƙasa da 21, SG Ball ta 'yan ƙasa da 19, Harold Matthews ta 'yan ƙasa da 17, da Tarsha Gale ta 'yan mata, ga Kofin Ron Massey na ƙananan ƙungiyoyi. A 2019 ta haɗe da hukumar karkara da aka kafa tun 1934, nauyin ɗaruruwan ƙungiyoyin ƙauyuka ya dawo wuyanta, a daidai lokacin da garuruwan karkara ke rasa matasansu, wasu ƙungiyoyin ba sa iya haɗa mutum goma sha uku ran Lahadi. Ita ce kuma ke da tawagar jiha mai shuɗiyar riga, ta maza da ta mata. A taƙaice ita ke shuka, ita ke noma, idan amfani ya nuna wani ya girbe, sannan ta je ta karɓi kasonta daga hannunsa. A 2022 sai da ta kai ARLC kotu bayan an riƙe mata kuɗi sakamakon saɓani kan zaɓen shugabanninta. Hukumar da ta taɓa korar ƙungiyoyi da ƙuri'a guda, yau ita ke neman alƙali ya ƙwato mata kuɗin gudanarwa.

Masu kare tsarin yanzu suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa tsohon tsari na wakilan unguwanni ya cika son kai, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa, kuma gasar birni guda ba za ta iya rayuwa a zamanin da yaro ke kallon ƙwallon Ingila da kwandon Amurka a wayarsa ba. Gaskiya ne wasan bai taɓa samun kuɗi da 'yan kallo kamar yanzu ba, 'yan wasa suna samun abin da Alec Burdon bai taɓa mafarki ba, mata ma sun samu gasarsu tun 2018. Penrith, wadda ta ci kambu huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 da yaran da akasarinsu ta rena a yankinta, shaida ce cewa tsohuwar dabarar gina ƙungiya a kan unguwa tana aiki a cikin sabon tsarin.

Amma wannan misali na Penrith shi ne kuma hujjata. Abin da ake sayar wa tashoshin talabijin shi ne ƙaunar da mutum ke yi wa wurinsa, kuma ba a ofis ake ƙera ta ba. Dubi batun Papua New Guinea. Ba mai musun cewa mutanen ƙasar suna son wasan fiye da kowa, shi ne wasan ƙasa a wurinsu, ƙungiyarsu ta Hunters ma ta ci kofin Queensland a 2017. Sai dai ba a ɓoye ba cewa abin da ya sa gwamnatin Ostireliya ta buɗe baitulmali shi ne gasar neman tasiri da take yi da ƙasar Sin a tekun Fasifik, kuma an ɗaure tallafin da fahimtar juna kan harkar tsaro. Ƙungiyar da aka kafa a kan lissafin diflomasiyya, me zai same ta ranar da lissafin ya sauya, ko shekara goman ta cika? Mutanen Perth da Adelaide, waɗanda aka ba ƙungiya a shekarun 1990 don cike jadawalin talabijin aka kuma ƙwace cikin 'yan shekaru, za su iya ba da amsa.

Batun Bears ya fi ban tausayi, ya kuma fi bayyana abin da nake nufi. North Sydney ba ta ci kambu ba tun 1922, amma magoya bayanta sun yi shekara 25 suna bin ta a rukuni na biyu, a ƙarƙashin NSWRL, suna zama a tsohon filinsu mai itacen ɓaure a gefe, suna saya wa jikokinsu riga ja da baƙi. A 2024 wasan ƙarshe na Kofin NSW tsakanin Newtown da North Sydney aka yi shi, biyu daga cikin tara na 1908, dukkansu korarru daga babban fage, Newtown ta yi nasara. Da masu gasa suka tashi komawa Perth, birnin da wasan ƙwallon Ostireliya na gargajiya ya mamaye, sun san sabon suna ba zai tara jama'a ba, sai suka ɗauko wannan suna da launukansa da tarihinsa na tun 1908, waɗanda aka adana musu a gasar da ba a cika nunawa a manyan tashoshi ba, suka haɗa da kuɗin gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya, suka naɗa Mal Meninga, wanda ya horar da Queensland a shekarun nan takwas na cin New South Wales, ya zama kocin farko.

Tsofaffin magoya bayan sun yi murna, wasu har da hawaye a gaban kyamara ranar sanarwar, kuma ban ga laifinsu ba. Daga 2027 za su sake ganin rigarsu a babbar gasa. Tsakanin tsohon filinsu da sabon gidan ƙungiyar akwai tafiyar sama da kilomita 3,000, kimanin awa biyar a jirgin sama.